Baba Tudu Ya Hau Teku

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya da surukina, Alhaji Idi mai turare, daga unguwarmu Ard al-Liwa zuwa cikin Alƙahira, gwiwarsa ba za ta manta da shi ba. Da mota ta doshi gadar Nilu sai ya runtse ido, ya damƙi gwiwar wanda ke kusa da shi, ya kama addu'ar da Annabi Nuhu ya yi da zai shiga jirgi, da ƙarfi, sai ka ce duk motar kurame ne. Kuma ba ya zaɓen gwiwa. Ta ɗalibi ce, ta soja ce, duk wadda hannunsa ya faɗa a kai ita ce. Ran nan ta wani ƙaton Bamisire ya samu.

"Ya Hajji, lafiya?" in ji mutumin.

"Ma'alish, ya zol," in ji Baba da Larabcinsa na Sudan, wai bawan Allah ya yi haƙuri. "Mun wuce?"

"Mun wuce."

Baba ya saki, ya buɗe ido. Bai gama ajiyar zuciya ba sai ga gada ta biyu, tunda kun san Zamalek tsibiri ce, sai an haye ruwa sau biyu. Ya sake cafka. Wallahi da idona na ga bawan Allahn nan ya sauka yana ɗingishi.

Shi ya sa ku 'yan unguwarmu kuka laƙaba masa Baba Tudu, kuma kada wani ya ce ba da shi aka yi ba, na san waɗanda suka fara. Shi kuwa ko a jikinsa. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Da ƙasa aka yi ɗan Adam. Kowa ya tsaya inda aka gina shi." Matan jakadu na Zamalek suna mutuwar son humrarsa da turaren wutarsa, amma sai dai su aiko direba, don shi ba ya taka garin da ruwa ya yi wa zobe. Jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa kuwa, tun ranar da wani mai surutu ya gaya masa ta ƙarƙashin kogi yake bi, bai ƙara leƙa shi ba. "Ruwa a ƙasana ban yarda ba, sai a saman kaina?" Ko zuwansa Masar daga Sudan, da kowa yake hawo jirgin ruwan Wadi Halfa, shi fataken raƙuma ya biyo ta hamada, ya iso da ƙafa a kumbure yana hamdala.

Amma fa kada wanda bai san shi ba ya ɗauka matsoraci ne. Shekarar juyin juya hali, da 'yan sanda suka ɓace daga tituna, kowa ya tuna wa ya zauna a bakin lungunmu da taɓarya a cinya da kaskon turare a gabansa. Ana jin harbi ta wajen babban titi, mu masu gemu da karatu muna leƙe ta bayan ƙofa, shi yana gyara garwashi. Na ce, "Baba, don Allah a shigo ciki." Ya ce, "Malam, harsashi in ya same ni a ƙasa zan faɗi, ku ɗauke ni ku wanke ku rufe. Ina abin tsoro a nan?" Ashe ba mutuwar yake tsoro ba. Abu ɗaya ne ke hana shi sukuni, kada ya mutu a inda babu ƙasar da za a rufe shi da ita. Mu muna dariya, shi kuwa da gaske yake.

To mutumin nan ne ɗansa Mu'utasim, injiniyan da ke aiki a Malesiya, ya yankar wa tikitin yawon shaƙatawa a jirgin ruwa. Ƙarshen shekarar dubu biyu da sha uku ne, gari ya sha tashin hankali da dokar hana fita, yaro ya ga bari ya fitar da tsoho ya sha iska. Niyya mai kyau ce, amma kai Mu'utasim, in kana karanta wannan, har gobe ina jin haushinka. Tikiti biyu ne, na Baba da na matata Sa'adiyya. Ita kuwa ciki ya tsufa, ba halin tafiya, sai abin ya faɗo kaina. Ni da ban taɓa cin ko dabino a gaban surukina ba, aka ce ɗaki ɗaya za mu kwana.

Hankalina a kwance yake, don na san ba zai je ba. Sai ga tsoho ya riƙe takardar ya daɗe yana kallonta. Can ya ɗago.

"An riga an biya?"

"An biya, Baba."

"Ba a mayarwa?"

"Ba a mayarwa."

"To khalas. Almubazzaranci haramun ne. Malam, nemo min jaka."

Abin da ya zuba a jakar: dabino, busasshen burodi, kwalaben humra, da likkafaninsa da ya wanko da zamzam tun hajjinsa na farko. Ranar tafiya Sa'adiyya ta ja ni bayan ƙofa, ido jawur, ta ce, "Ka dawo min da ubana da ƙafarsa."

Jirgin sama bai dame shi ba ko kaɗan. "Wannan in ya faɗo ai ƙasa zai faɗo," in ji shi, ya miƙe ƙafa ya yi barcinsa. Ni na ga abin da ke ƙarƙashinmu a ɗan talabijin ɗin gaban kujera, shuɗi fal ba iyaka, na sa hannu a hankali na kashe.

A Singafo Mu'utasim ya tarbe mu, ya zaga da mu muka ga dogayen gine-gine da titunan da ko ɓawon gyaɗa babu, ya raka mu tashar jirgin ruwa, sannan ya ce aiki na kiransa, ya tsere ya bar ni. Baba ya ɗaga kai yana kallon jirgin har hularsa ta faɗi.

"Wannan jirgi ne ko unguwa?"

"Jirgi ne, Baba."

"Da me aka yi shi?"

"Da ƙarfe."

"Malam, kai da ka yi karatu, ka taɓa jefa allura a ruwa ka ga ta tsaya?"

Kafin jirgi ya tashi aka tara mu don koya mana yadda ake sa rigar ceto, mai ruwan lemo ɗin nan da usur a rataye. Da aka gama kowa ya cire tasa. Baba ya ce shi tasa ta zauna ke nan. Ya ɗora jallabiya a kai, ya koma kamar tulu. Da ita yake cin abinci, da ita yake barci, da ita yake salla, in ya yi ruku'u usur ya riga shi isa ƙasa. Ɗakin da ya zaɓa kuwa marar taga, a tsakiyar jirgi, don kada idonsa ya sauka kan ruwa ko da kuskure. Ni kuma in zan ci abinci sai in juya wa bango fuska ina tauna a hankali, shi yana bayana yana jan carbi yana tambayata ko na ji jirgin ya karkace.

Akwai ranar da kyaftin ke fitowa cikin farin kaya, fasinjoji suna layi ana ɗaukar su hoto da shi. Baba ya shiga layi, na yi murna na ce an fara sakin jiki. Da muka iso ya riƙe hannun mutumin ya ƙi saki.

"Malam, tambaye shi, in mutum ya mutu a cikin abin nan ya suke yi da shi?"

"Haba Baba, a gaban mutane?"

"Tambaye shi na ce."

Na tambaya, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige, sai na tuna ƙasar ma babu. Kyaftin ya daina murmushi, ya ce akwai ɗakin sanyi a can ƙasan jirgi, a nan ake ajiye mutum har a isa gaɓa. Na fassara. Baba ya kalle shi sama da ƙasa, ya saki hannun, muka wuce. Sai da muka yi nisa ya ce, "Haka za su ce mana."

Tasharmu ta farko Penang. Mutane suka fito rukuni-rukuni, wasu za su hau dutse su hango gari, wasu za su kallon wani ƙaton gunki, wasu kasuwa. Ni ina ta tunanin hotunan da zan tura wa Sa'adiyya. Baba ya sa ƙafa a ƙasa, ya durƙusa ya shafa ta, ya miƙe ya ce, "Malam, tambaya mana ina maƙabartar Musulmi take."

"Maƙabarta, Baba? Akwai wanda muka sani ne?"

"Mutum in ya sauka a gari, ai masauki yake fara dubawa."

Haka muka hau keken wani tsoho, irin wanda fasinja ke zama a gaba, an yi masa ado da furannin roba. Muka wuce tsofaffin gidajen da Turawa ke ta ɗauka a hoto, muka wuce shagunan Sinawa masu jajayen fitilu, ƙamshin kayan yaji yana dukan hancina, duk a guje na gan su. Maƙabartar kuwa kyakkyawa, a ƙarƙashin itatuwa masu fararen furanni, kowane kabari da 'yan duwatsu biyu, na kai da na ƙafa, wasu an naɗa musu farin ƙyalle. Baba ya yi wa mutanen wurin sallama, ya yi musu doguwar addu'a, sannan ya kafa sandarsa a ƙasa ya murza. An yi ruwa da safe, ramin ya ciko da ruwa nan take. Ya ɓata fuska, ya ce, "Laka ce. Amma laka ma ƙasa ce."

Mai gadin wurin dattijo ne mai ɗan guntun Larabci. Baba ya tambaye shi ko baƙo in ya mutu suna karɓa. Dattijo ya ce da hannu biyu, har ya nuna wani lungu a gindin bishiya. Baba ya je ya auna wurin da taku, ya dawo yana murmushi, ya ciro kwalbar humra ya damƙa masa, wai kamun wuri. Ranar ya ci shinkafa da miyar kifi har ya nemi ƙari, ni ina teburin baya na ba shi ƙeya ina cin tawa. Komai ya tafi daidai, sai idonsa ya faɗa kan taswirar da ke manne a bangon gidan abincin.

"Malam, ina muke a nan?"

Na nuna.

"Wannan shuɗin da ya kewaye mu fa?"

"Tsibiri ne, Baba."

"Irin Zamalek?"

"Ya ɗan fi ta girma."

"Singafo fa?"

Na kai yatsa kanta, ita ma shuɗi ya kewaye ta.

"La ilaha illallahu! Shekara da shekaru ina gudun Zamalek, ashe gidan iyayenta aka kawo ni."

Fuket ta fi muni. Can babban jirgi ba ya isa gaɓa, a tsakiyar ruwa yake tsayawa, sai a sauke mutane a ƙananan kwalekwale masu inji. Baba ya tsaya a bakin ƙofa, ga ƙasa can yana hangowa, ga ɗan kwalekwale yana rawa a ƙasansa, ga layi a bayanmu ana ta gyaran murya. "Babban ya kasa, shi ne ɗan zai iya?" Son ƙasa dai ya rinjaya. Ma'aikata biyu suka ɗaga shi cak suka dire, ya runtse ido ya cafki abin da ya samu, ashe gwiwar wani Bature ce mai gajeren wando. Da muka isa ya buɗe ido ya ga abin da ya riƙo tsirara, ya yi ta istigfari yana goge hannu a jallabiya.

Bakin tekun nan kuwa ba wurin da za ka kai surukinka ba ne, kowa da ɗan ƙyalle kamar an yi gobarar tufafi. Ni na kalli sama, shi ya kalli gefe, sai ya hango wani allo shuɗi da hoton mutum yana gudu, ƙatuwar igiyar ruwa na bin sa, ga kibiya tana nuna hanya. Ya ce mene ne wannan. Da na san abin da zai biyo baya da na ce tallan sabulu ne. Na ce masa shekarun baya teku ta taɓa tasowa ta shigo garin ta ci mutane, shi ne aka kafa alluna, in ta sake tasowa a bi kibiya a hau tudu.

Ban rufe baki ba na nemi tsoho na rasa. Mutum ya haura saba'in, da rigar ceto a jiki, amma wallahi da ƙyar na kamo shi. Kibiya bayan kibiya yake bi har muka ƙure hawa. Ya samu dutse ya zauna, yana haki.

"Ni na iso. Koma ka ce wa kyaftin na gode."

"Baba, fasfonmu yana cikin jirgi. In ya tashi ya bar mu, mun shiga uku."

"Ya tashi mana. Wa ya riƙe shi?"

Na yi magiya, na jawo aya, na jawo hadisi, na ambaci Sa'adiyya da abin da ke cikinta, ko gezau. A nan na fara jin tsoro sosai, don rana ta karkata, ga mu a ƙasar da ba mu jin yarensu, ba takarda, ba kowa. Allah ya jefo wani mai a-daidaita-sahu da farar hula, ya yi mana sallama. Na ce, "Baba, ba za a duba masauki ba?" Nan ya miƙe.

Maƙabartar tana bayan wani ɗan masallaci, cikin itatuwan kwakwa, yashi ne fari busasshe. Baba ya ɗiba ya murza, ya ce, "Tamam. Wannan ta fi ta Penang." Har ya fara neman kwalbar humra. Sai direban nan, shi a ganinsa labari yake ba baƙi, ya kai mu jikin bangon masallaci ya ɗaga hannu sama da kansa, ya nuna inda ruwa ya kai a waccan shekarar.

"Har nan?" in ji Baba.

Direban ya gyaɗa kai.

Ya juya ya kalli kaburburan, ya kalli bangon. Ya mayar da kwalbarsa aljihu.

"Garin da teku ke biyo mutum har makwancinsa ba gari ba ne. Yalla, Malam, mu koma jirgi. Shi aƙalla an san a kan ruwa yake, bai yaudari kowa ba."

Daga Fuket sai Kolombo, kuma tsakaninsu kwanaki ne ba a ganin ƙasa ko da ta tsuntsu ya sauka. A nan dariya ta ƙare. Wani ya gaya masa ruwan famfon jirgi daga teku ake jawo shi a tace, ya ce ba zai sha ba. Na sayo na gora, ya ji da kuɗi na saya, ya ce, "A sayar min da ruwa a tsakiyar ruwa? Mayar musu." Sai ya koma ɗan kurɓa kamar mai shan magani. Ana haka iska ta taso, jirgin da muke cewa unguwa ya koma yana tangaɗi, ƙofofi na buɗewa da kansu, kofuna na zamewa daga tebur. Baba ya kama amai. Kafin azahar ya kasa tashi, leɓe ya bushe, ido ya faɗa, sallar ma a kwance ya yi ta da ishara. Na kira shi sau biyu bai amsa ba. Na fita a guje ina dafa bango, ban ma san ba takalmi a ƙafata ba.

Likita ya zo ya auna shi, na ga fuskarsa ta canja. Ya ce jininsa ya sauka ƙwarai, a shekarunsa abin ba wasa ba ne, sai an yi masa ƙarin ruwa yanzu. Na sunkuya na faɗa wa Baba a kunne. Ya buɗe ido da ƙyar, ya ce, "Ruwa kuma? Duk wannan bai ishe su ba?" Ban san lokacin da dariya da kuka suka haɗe min ba.

Da likita ya ɗaura ya fita, Baba ya lalubo rawaninsa da ke gefen matashi.

"Malam, miƙo hannunka."

Na miƙa. Ya ɗaure wuyan hannuna da nasa, ya ƙulle da haƙori.

"In sun zo ɗaukata, sai dai su jefa mu tare."

"Baba, ba mai jefa ka. Ka ji abin da kyaftin ya ce."

"Su ma haka suka ce wa babana. Suka ce za su kai ta gaɓa."

"Wa, Baba?"

Jirgi yana ɗagawa yana sauka da mu. Sannan ya fara magana, a hankali, da irin Hausar da ban taɓa ji a bakinsa ba, babu Larabci ko ɗaya a ciki.

"Innata. Dije sunanta. Daga ƙasar Katagum suka taso da ƙafa za su Makka, a hanya aka haife ni. Da muka isa Sawakin, a bakin tekun Sudan, ina ɗan shekara bakwai ko takwas. Ba mu da kuɗin babban jirgi, sai muka shiga na katako, na masunta, masu haye da mutane a ɓoye. Zazzaɓi ya kama ta tun a gaɓa, ta ɓoye don kada a bar mu. A tsakiyar ruwa ta cika, kaina yana kan cinyarta. Suka ce wa babana ya yi haƙuri za su kai ta. Da rana ta yi zafi suka ce in aka gan su da gawa za a kama jirgin. Aka naɗe ta a zanenta, baƙin saƙi mai ratsin fari, aka ɗaura dutse. Babana ya sa hannu ya rufe min ido, amma ya makara. Na ga zanen yana ƙanƙancewa. Malam, ko tafi ɗaya na ƙasa ba a zuba mata ba."

Shekarata goma sha wani abu a gidan nan ban taɓa jin wannan ba, ita Sa'adiyya ma ba ta sani ba. Na tuna duk dariyar da muka yi masa a mota, na ji kunya ta rufe ni. Na yi kuka a gaban surukina, da majina da komai, surukuta ta tafi hutu.

"In na cika, ka zauna a kaina har gaɓa," in ji shi. "Ka rufe ni da ƙasa, da hannunka."

"Na yi alkawari, Baba."

Haka na zauna a ɗaure ina kallon ƙirjinsa, in ya jinkirta numfashi sai nawa ya tsaya. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ko lokacin harbe-harbe. Ina ta tunanin da wane baki zan gaya wa Sa'adiyya, kuma in sun zo da gaske, ni ɗaya ya zan yi da su.

Allah cikin ikonsa, washegari iska ta kwanta, ruwan da ya raina ya yi aikinsa. Ya tashi zaune ya sha shayi, ya ci dabino. Sannan ya ce, "Malam, wannan tekun da na Sawakin, a haɗe suke?"

"A haɗe suke, Baba. Ruwa ɗaya ne."

Ya kwance rawanin. "Kai ni sama."

Na ɗauka zazzaɓi ne ke magana. Mutumin da tun da muka shigo bai taɓa hawa saman jirgi ba. Amma ya dafa kafaɗata muka hau. Ya isa bakin ƙarfe, kuma bai rufe ido ba. Ya kalli ruwan nan da ba shi da farko ba shi da ƙarshe, ya daɗe yana kallo. Sai ya juya yana waige-waige kamar wanda ya yar da wani abu. Ya nufi wata tukunyar fure kusa da wurin wankan Turawa, ya cusa hannu. Ashe furen roba ne, tsakuwa aka zuba.

"Kai, mutanen nan! Ko ƙasarsu ta ƙarya ce."

Muka yi ta bin tukwane yana tona su ɗaya bayan ɗaya, mutane na kallonmu, har muka samu wata 'yar bishiyar dabino ta gaske a ƙofar wurin shan shayi. Ya cika gefen jallabiyarsa da baƙar ƙasa, muka koma bakin ƙarfe. Ya yi sallama irin ta maƙabarta. Ya ɗibi tafi ɗaya ya zuba a teku yana karanta abin da ake karantawa in ana rufe mamaci, ya ɗibi na biyu, ya ɗibi na uku. Iska ta dawo mana da rabi a fuska. Ya ce, "Inna, Idi ne. Na makara, ki yi haƙuri."

Sai ga mai tsaron jirgi a guje yana Turanci, wai an hana jefa komai a ruwa, kuma an lalata musu shuka. Baba ya kakkaɓe hannu, ya share ido da bakin rawani, ya ce, "Ce masa khalas, na gama. Kuɗin ƙasar a sa a kan Mu'utasim."

A Kolombo likita ya ce tafiyarmu ta tsaya nan, mu hau jirgin sama mu koma gida. Kafin mu tafi Baba ya shiga kasuwa ya yi ta cinikin kirfa da itacen sandal har mai shago ya ɗaga hannu ya sallama. A hanyar filin jirgi ya ja kunnena: "Ban warke ba fa, Malam. Kada ka je ka ce wa mutane na warke." Kuma kun shaida, bai warke ɗin ba.

Ya ga jikansa, ya yi masa huɗuba, ya ɗan ƙara shekara da wani abu. A farkon dubu biyu da sha biyar, bayan la'asar, ya kishingiɗa a kan tabarmarsa a shago, maƙwabci ya zo sayen turare ya tarar ya tafi. Wasunku sun kawo shawarar a sa shi a irin ɗakin nan na ƙarƙashin ƙasa da Misirawa ke jera mamatansu, tunda an samu wanda ya bayar kyauta. Kun ga yadda na birkice muku ranar, har aka ce Malam ya zauce. Ban iya yi muku bayani ba a lokacin, yau kun ji dalili. Sai da muka samu wuri a maƙabartar hamada ta hanyar Fayyum, aka haƙa masa kabari irin namu. Ni na shiga na karɓe shi, ni na fara zuba ƙasa, busasshiya mai ɗumi, na ce masa, "Baba, ga ta nan, da hannuna."

Allah ya jiƙan Alhaji Idi, ya yalwata masa makwanci, ya sa ƙasar nan ta yi masa sauƙi. Allah ya jiƙan Inna Dije, ya kai rahamarsa inda take kwance, ya sada ta da ɗanta a inda babu sauran tsoro. Amin.